Ranar da Alwalar Mamuda ta Karye

Wata rana, limamin masallacin 'yan hatsi a wata kasuwa ya ce ƙafafunsa sun gaji, zai naɗa na'ibi.

Mutum biyu ake wa kallon kujerar: Malam Tanimu mai sayar da gero, da Mamuda mai ɗinkin buhu. Dama su biyun sukan ja sallah in liman ya sa su.

Tanimu ya fi murya, kuma ya san lokacin fito da ita. In manyan dillalai na sahun gaba, sai ya ja doguwar sura har da rawar murya. In 'yan dako ne kawai, kafin ka gyara tsayuwa ya sallame.

Amma duk da haka, Mamuda mutane ke so. Abin na cin Tanimu a rai. Ko gaisuwa aka yi wa Mamuda da fara'a, sai ya ji kamar daga rabonsa aka ɗiba.

Ran wata kasuwa, masallaci ya cika, Mamuda na jan Azahar. A raka'a ta biyu alwalarsa ta karye. Ya ja da baya, ya jawo hannun wanda ke bayansa ya ƙarasa wa mutane, shi kuma ya ratsa sahu ya fita, kowa na ganinsa.

Tanimu ne aka jawo.

Ana idarwa ya nufi liman, zuciyarsa fes.

"Allah gafarta Malam, ka ga abin da nake gudu. Ranar kasuwa guda, a gaban baƙi."

Tsohon ya dube shi.

"Na gani. Kai fa, shekara shida kana ja mana, bai taɓa samunka ba?"

Tanimu ya tuna.

Ya same shi. Sau biyu. Duk biyun ya danne ya ci gaba da ruku'u da sujada, don kada a ce. Mutane suka watse suna ganin sun yi sallah.

Liman bai ƙara tambaya ba. Da La'asar ya sanar cewa Mamuda ne na'ibi.

Tanimu ya bi shi sallah ran nan, hassadar na nan ba ta tafi ba. Sai dai yanzu ba kujerar yake jin ciwonta ba. Fitar nan da Mamuda ya iya yi a gaban jama'a, ita ce ta tsaya masa.

Darasi: wayo na iya tsare maka mutunci a idon sahu, amma ba sahu kake yi wa sallah ba.

Tura wa wani, wataƙila yau yake buƙatar ji.