Ranar da Kaka Ta Huda Tukunya

Jiya da hantsi na duƙa kan tukunyar fulawar da ke barandar gidana, sai wani wari ya taso mini, warin ƙasar da ruwa ya kwana a cikinta har ta yi tsami. Yaran gidan ne suka yi ta ɗura mata ruwa da na yi tafiya. Ban yi musu faɗa ba, don ban ga bakin yin faɗan ba. In kai ma a gidan manoma ka tashi, ka san mu a wajenmu ruwa ba ya yawa. Warin nan kuwa bai dire ni ko'ina ba sai ɗakin kakata a Talata Mafara, shekarun da ake aikin dam ɗin Bakolori.

Kaka ita ce ta haifi Baba. Ƙauyensu yana can wajen Maradun, a bakin gulbi, kuma yana cikin waɗanda ruwan dam ya hau. Da aka ce kowa ya tashi, Baba ya je ya ɗauko ta. Ba ta zo da wani abin kirki ba sai 'yan tufafinta da tabarma da wata baƙar tukunyar ƙasa mai faɗin baki, wadda tun tana amarya take zuba ruwan sha a ciki. Ta kife ta a lungun ɗaki, ta hana kowa taɓawa. A ganinta abin da ya faru ambaliya ce irin wadda ta saba gani. "Ni na san gulbin ga," in ji ta. "Kowace shekara yana cikowa, kowace shekara yana komawa." Jiran komawar take yi, da tukunyarta.

Jiran nan ya fara cinye ta. Ta zauna a bakin ƙofa tana kallon gabas, a kawo tuwo ta yi loma biyu ta ture kwanon. Maƙwabta suka shigo gaishe ta, ta amsa a daƙile, ba ta taɓa taka ƙafa ta rama gaisuwar ba. Zaninta ya fara yi mata yawa. Baba ya damu ƙwarai, ga shi ba shi da halin lallashinta, domin shi ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, shi ma ba ya yi mata magana kai tsaye. Ni da nake kwana a ɗakinta, ni ce bakinsu. Suna zaune a tsakar gida ɗaya, amma sai magana ta biyo ta kaina.

Baba kuku ne a unguwar Turawan da ke aikin dam. Wata rana da yamma ya shigo da gwangwanin madara a bayan kekensa, da wata 'yar shuka a ciki. Matar maigidansa ce za ta koma ƙasarsu ta bar masa. Ganyenta kauri gare shi, yana sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, furanninta ƙanana, ja-ja mai haske, sun yi cincirindo a kan reshe. Ya ajiye ta kusa da ƙofar Kaka kamar bai san abin da yake yi ba.

Kaka ta dube ta a kaikaice. "Ke, tambayi wancan, ana miya da ita?"

Na tambaya. Baba ya ce a'a.

"Magani ta?"

Baba ya ce ba magani ba ce.

"To mi taka yi?"

"Ce mata don kallo aka aje ta," in ji Baba. "Sunanta begoniya."

"Begen iya?" Kaka ta kama baki. "Ashe Turawa ma suna begen uwa!" Ta yi dariya har da tari. Tunda ta zo gidan ban taɓa jin dariyarta ba sai ran nan, kuma daga ranar fulawar ba ta da wani suna a gidanmu sai Begen Iya.

Washegari ta zuba mata ruwa, ruwan ya tsiyaye ta gindin gwangwanin ya jiƙa daɓe. Ta ɗaga ta duba, ta ga huji huji. Ranta ya ɓaci. Ta ce wannan wace irin rowa ce, a ba mutum kyauta a cikin abu mai yoyo? Ta ce baƙuwa ce kamar ita, ba za a wulaƙanta ta tana gani ba. Sai ga Kaka ta shiga lungu ta ɗauko tukunyar da ta hana kowa taɓawa. Ta aike ni bakin fadama na ɗebo laka, baƙa wuluk, irin wadda shinkafa take so. Ta dasa Begen Iya a ciki, ta danne da tafin hannu. Amma ta ja kunnena: aro ne ta ba ta, ranar da za mu koma za ta karɓi abarta.

Baba ya dawo ya gani, sai ya kira ni. "Ce ma kakarki, Baturiya ta ce ba ta son rana mai zahi, ba ta son ruwa da yawa, kuma a bar ruwan shi riƙa hita ta ƙasa."

Na isar. Kaka ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ce mai tun ba a haihe shi ba nika noma."

Maganar rana dai ba ta daɗe ba ta yarda, domin ta fitar da ita tsakar gida wuni ɗaya, bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa. Ta mayar da ita ƙarƙashin rumfa kusa da randa, inda hantsi kaɗai ke leƙowa kuma akwai sanyi-sanyi. Amma ruwa, ina! A kan tukunyar take alwala, kowace salla, don ta ce ruwan alwala albarka ne, bai kamata ya tafi a banza ba. In ta sha ruwa a moɗa, sauran na Begen Iya ne. Tsakani da Allah, da so take yi. Ta fara tashi da wuri don ta duba ta, tana tsinke furannin da suka yi yaushi da farce kamar mai cire ciyawa a gona, tana yi mata hira. Har fura ta fara nema da kanta. Mahaifiyata ta ce in dai wannan ne, a bar ta ta zuba mata gulbi ma.

Da damina ta kankama, iska ta yi nauyi, ƙasar tukunyar ta daina bushewa sam. Ganye ya fara rawaya yana zubowa. Furannin suka kaɗe tun ba su buɗe ba. Na taɓa gindin reshe ɗaya, na ji ya yi laushi kamar dafaffiyar kuɓewa. Sai warin nan ya cika bakin ƙofa. Kaka ta ga shuka ta yi yaushi, ta yi abin da duk manomi zai yi, ta ƙara ruwa. Ta yi tofi ta ƙara. Da abin ya ƙi, sai ta koma mazauninta na da, ta ture kwanon tuwo. Na ji ta tana cewa, ba da ni ba, "Ƙasar ga ba ta karɓar baƙo. Ni da ita duka." Tsoro ya kama ni sosai, don na gane ta ɗaura ranta a jikin shukar nan.

Ran nan Baba ya tsaya a bakin rumfa bai ko jingine keke ba. "Ce mata tukunyar ba ta da laihi, illa ba ta yoyo. Ruwa na ruɓar da saiwa. Sai an huda ta."

Mahaifiyata ta yi salati. Kai ma ka sani, a gidan Bahaushe tukunya in ta huje ta mutu, sai dai a kife wa kaji. Ba wanda ke ɗaukar lafiyayyar tukunya ya huda da hannunsa.

Kaka ta dube ni. "Tambaye shi, in na huda ta, da mi zan ɗebi ruwa in mun koma?"

Na buɗe baki zan maimaita, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya yi abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya yi mata magana da bakinsa.

"Inna, ba ambaliya ba ta. Ruwan ga ba shi janyewa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, shi kuma ya tashi ya fita, bai ci abinci a gidan ba ran nan.

Da gari ya waye, bayan an share tsakar gida, ta ce in samo mata ƙusa. Ta zazzage tukunyar a kan tsumma. Saiwar ta yi baƙi, tana wari, laka ta cure a jikinta. Ta wanke tukunyar tas, ta kife ta a cinyarta, ta jiƙa gindin, ta kafa ƙusa tana murzawa a hankali. Ba ta buga ba, don kada ta tsage. Na ce ta kawo in taya ta, ta ce in kauce. Ƙarar ƙusar nan tana cin yumɓu, ƙir ƙir, har yau tana kunnena. Ta daɗe tana yi, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Da ƙusar ta faɗa ciki, ta zauna tana kallon hujin, hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba. Ni ma na yi kuka, ko da yake a lokacin ban gama sanin abin da nake wa kukan ba.

Sauran aikin da kanta ta yi shi, kuma a nan manomiyar ta dawo. Ta ɗora ɗan katanga, gutsuren fasasshen kasko, a kan hujin don kada ƙasa ta toshe shi. Ta gauraya yashi da tsohon takin da ya riga ya ruɓe ya yi gari. Uwar shukar ba ta cetu ba, sai ta yanko kan rassan da ruɓa bai kai ba, ta rage musu ganye, ta caccaka su a ciki. Ta zuba ruwa kaɗan, muka tsaya muna kallo har ya ɗigo ta ƙasa. Ta ce, "To, tahi abinka." Daga nan ta koma yin alwala a gindin zogale, ba ta ba tukunyar ruwa sai saman ƙasar ya bushe. Wasu rassan suka mutu, ɗaya ya fitar da sabon ganye ƙarami, jajaye-jajaye.

Tun kafin ya yi fure, wata safiya ta yafa mayafi ta tambayi mahaifiyata wane gida ne aka yi haihuwa a unguwar, don bai kamata a ce ba ta je barka ba. Ni na raka ta.

Yanzu in ka bi bakin titi a birni za ka ga masu sayar da fulawa sun jera tukwane, na roba da na siminti, kowace da hujinta tun daga wajen maƙera. Yarana sun ɗauka haka ake haihuwar tukunya. Ban ga laifinsu ba, sauƙi ne ya zo. Sai dai in na juya ɗaya zan saya, nakan tuna cewa wanda ya yi wannan hujin bai rabu da komai ba kafin ya yi shi. Kaka ta yi shekaru tare da mu bayan nan, a Mafara aka binne ta, kuma ban ƙara jin ta tambayi kowa ko ruwa ya janye ba.