La'adar Ɗan'uwan Jini

Yosamu Tibenda dillalin awaki ne kafin a gano man fetur a ƙasarmu ta bakin tafki. Da fili ya yi daraja, sai ya watsar da awaki ya koma dillancin gonaki, har ya sayi kwat a gwanjo. Maƙwabcina ne, katangar kara ce tsakaninmu.

Babban cinikinsa ɗaya ne tak. Wani mai kuɗi, Barongo, ya zo daga Kampala yana sayen filaye inda ake raɗe-raɗin bututun mai zai bi. Yosamu ya bi gida-gida yana lallashi, har da yayarsa Keziya, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gonar rogo.

"Abwooli, sayar kawai," ya ce mata, yana kiranta da sunanta na girmamawa. "La'adata na fitowa zan saya miki wadda ta fi ta, a bakin titi."

Ta sayar. Ɗan abin da ta samu ya tafi a makarantar jikoki, ita kuma ta tare a ɗakin girkinsa kafin la'ada ta fito.

Tun farko na ce wa Yosamu su rubuta yarjejeniyar la'ada da Barongo, ya yi mini kallon mara tarbiyya. Ai shi da Barongo sun ƙulla mukago: sun raba ƙwayar kofi biyu, kowa ya shafa wa rabinsa jinin cibiyarsa, suka haɗiye na juna. A wurinmu, neman takarda daga ɗan'uwan jini zagi ne. Barongo ya san haka sarai, shi ya sa ma ya zo da ƙwayar kofin a aljihu.

Barongo ya sayar wa kamfanin mai filayen, ya canza lambar waya, bai biya la'adar ba. Yosamu ya kai ƙara kotu a garin Hoima, aka shiga ɗage shari'a shekara da shekaru. Da farko yakan dawo yana kumfar baki. Daga baya sai ya rataye kwat a ƙusa, ya ce "an ɗage," ya ci abinci. Masu babur na tsokanarsa, "Babban lauya, yau ma an ci nasara?" Ko juyowa ba ya yi.

Ranar da kotu ta saurare shi ina wurin. Lauyan Barongo ya tambaye shi cikin ladabi, "Baba, a al'adarku ɗan'uwan jini yana karɓar lada in ya taimaki ɗan'uwansa?"

"Ina! Abin kunya ne."

"Kai da Barongo fa?"

Yosamu ya ɗaga riga ya nuna tabon cibiyarsa, yana ganin hujjarsa ke nan. Alƙali ya sunkuya ya rubuta. Na ji haushi har na kasa kallonsa. Aka kori ƙarar.

Da muka dawo, Keziya na fere rogon da ta sayo a kasuwa.

"An ɗage?"

"An ɗage, Abwooli."

Har yau yakan sa kwat ɗin, duk ta koɗe a kafaɗa, ya tafi Hoima ya zauna a gindin mangwaron kotu, ya dawo da yamma. Rannan na kasa daurewa, na leƙa ta kan katanga zan gaya wa Keziya gaskiya. Ba ta ko ɗago kai ba.

"Na sani tun ranar," ta ce. "Bar shi ya riƙa zuwa. In ya daina, wuni zai yi a gida yana kallona."