Kallon Bakin Mutane

Na dawo New York daga daji da wata ɗabi'a da ban san na ɗauko ba. A can, kusa da iyakar Kamaru, aikina bin garken birai ne ina lura da abin da suke ci, me suka tauna, me suka yar. Malamata ta ce in koma kafin ɓaure ya nuna, in ba haka ba ta ba wani ɗalibi gurbina. Goggo, wadda nake zaune a gidanta a University Heights, ba ta san da maganar ba, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Karatu ya ƙi shiga, sai zagaye ɗaki nake yi.

Ranar wani suna a Morrisania aka zubo mana shinkafa a faranti ɗaya. Ban ci ba. Idona na kan wata Hajiya 'yar Gana da ke ture kabeji gefe tana tsintar nama.

"'Yar nan, lafiya? Loma kike ƙirga mini?" in ji ta.

Aka kwashe da dariya. Goggo ta harare ni. "Ku yi haƙuri, birai take gani. Gangar jikinta kawai aka dawo mana da ita."

A bas, muna komawa, na daure na faɗa wa Goggo maganar komawata daji.

"Ki kira babanki da kanki," ta ce. "In ya tambaye ni, zan ce gara birai da bakin mutane."