Hutun Subir a Watan Kaya

Har yau ban manta da ranar da na mayar wa Subir fom ɗin hutunsa ba tare da na sa hannu ba. A watan Agustan 2019 ne, ina shekarata ta uku a matsayin mai kula da ma'aikatan sito na wani kamfanin kago, wato na jigilar kaya, a Al Quoz, can ƙasar Larabawa. Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni nake tsara jadawalin wanda zai yi aiki da wanda zai tafi hutu. Fom sai ya bi ta hannuna kafin ya kai teburin manaja. Dokarmu kuwa a fili take: daga Satumba zuwa Disamba babu hutu, domin lokacin ne 'yan kasuwarmu na Kano ke cika kwantena da kayan ƙarshen shekara.

Subir mutumin Kolkata ne, ɗan Hindu, ya haura shekara arba'in, shi ne mafi gwanintar masu tuƙa injin ɗaga kaya a wurinmu. In ana cin abincin rana ba ya da hira sai ta garinsu. A farkon shekara ɗalibai suna ajiye littattafansu su yi addu'ar ilimi, sai bikin watsa launi, sai sabuwar shekararsu a Afrilu, da damina a ja wata babbar karusa a titi. Sallah ma, in ji shi, tasu ce, Kirsimeti ma haka. Nakan tsokane shi in ce to ku yaushe kuke aiki? Sai ya yi dariya ya miƙo mini gurasa.

Mako uku ya nema daga ƙarshen Satumba, saboda babban bikinsu, Durga Puja. Na ce masa ya san doka, khalas, magana ta ƙare. Gaskiya ba doka ce kaɗai ta hana ni ba. Na ji cewa mutum-mutumi ake girmamawa a bikin, zuciyata ba ta so sa hannuna ya shiga ciki ba. Bai yi musu ba, ya naɗe takardar ya koma kan injinsa.

Washegari bayan Azahar, muna sa takalma a bakin masallacin sito, Imran ya tsayar da ni. Shi ma ɗan Kolkata ne, Musulmi, direban babbar mota. Ya ce mahaifin Subir magini ne na yumɓu, shi ke zana idanun mutum-mutumin unguwarsu tun yana saurayi. Yanzu hannunsa rawa yake yi, ya kuma ce bana ce ta ƙarshe, yana son ɗansa ya tsaya kusa da shi ya tallafe masa gwiwar hannu. Ya ƙara da cewa a garinsu nasa mahaifin tela ne, da ɗinkin wannan bikin ya ciyar da su.

Ya dube ni ya ce, "Musa bhai, ɗan'uwana, wa kake tsammani ya riƙe aikina Sallar bara da waccan? Ba ka ce ya yi Sallah ba, shi ma bai ce ka yi puja ba. Ubansa yake so ya gani."

Na koma ofis na buɗe jadawalin baya. Duk Sallar da ta wuce, sunan Subir yana nan, har ranar da ni kaina na tafi Kano. Ni na rubuta da hannuna, ban taɓa lura ba.

Na samu manaja na roƙi a ba Subir hutunsa. Ya tambaye ni wa zai tuƙa injin, na ce Imran yana da lasisi, ni kuma zan sauko ƙasa in riƙa duba lodin da kaina. Ya ce in kwantena ɗaya ta makara, ni zan amsa. Na ce na yarda. Makonnin nan uku mun sha wahala, wani Alhaji daga kasuwar Murshid Bazaar ya wanke ni tas kan jinkirin yini guda, manaja ya ba ni takardar gargaɗi. Ita ce kaɗai a fayil ɗina.

Subir ya dawo da kwalin alewar madara da hoto a waya: wani tsoho siriri riƙe da burushi, hannun ɗansa a ƙarƙashin gwiwarsa. Ya nuna mini.

Da korona ta zo aka rufe jirage, tsohon ya rasu a damina, Subir bai samu zuwa ba. Muka je ɗakinsu ni da Imran, muka tsaya a ƙofa da takunkumi a fuska. Ya ce mana ya gode wa Allah, ya riga ya yi sallama da shi.

Ku da za ku riƙe jadawali bayana, abin da na koya ke nan. Mutanen da ke sito sun baro garuruwa masu nasu ranaku, kuma ba kowa ke iya faɗin dalilinsa ga shugaba ba. Kafin ka mayar wa mutum fom, zaunar da shi ka tambaye shi wa ke jiransa a gida.