Ludayin Farko Na Yaya Rifkatu

Bana shekara bakwai ke nan da aka kashe yayata Rifkatu a bakin murhu, da rana tsaka, a idon mutanen da take ciyarwa. Kashe ta aka yi, kuma na gaya wa mai rubuta mini wannan magana kada a sassauta mini kalmar. Ban taɓa zama a aji ba, amma abin da idona ya gani babu mai takardar da zai gyara mini shi. Sunana Kande. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya da ita, ita ce babba.

Yanzu in aka tashi ambatonta a coci sai ka ji ana cewa mai sanyin hali ce, mai haƙuri. Waɗanda ba su san ta ba ke nan. Rifkatu masifaffiya ce ta gasken gaske, in ta buɗe baki fasto ma gyara zama yake yi. Da wannan bakin ta ciyar da jama'ar da masu sanyin halin suka tsaya suna yi wa addu'a daga nesa.

A shekarar da faɗa ya yi tsanani a ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, mutane suka yi ta kwararowa gari, wasu da ɗauri a ka, wasu da zanen jikinsu kawai. Aka zuba su a wata makarantar firamare. Azuzuwan gaba namu ne, manoman da aka ƙone wa gidaje da rumbuna. Azuzuwan baya, wajen itatuwan mangwaro, matan Fulani ne da 'ya'yansu, su ma an ƙone musu ruga an sassare musu shanu. Kowane ɓangare da gawar da yake yi wa kuka, kowane yana kallon ɗayan da jan ido, kuma duka cikinsu babu komai.

Mu a zumuntar mata ta coci muna da tsohuwar al'ada. In mace za ta ɗora tukunya, sai ta ɗebi hannu guda na hatsi ta zuba a wata ƙwarya daban, na Ubangiji ne. Rifkatu ta miƙe a tsakiyar taro ta ce Ubangiji ba ya cin tuwo, masu cinsa suna can firamare. Daga nan muka ɗauki daro a ka muka shiga gida-gida. Masara, acca, wake, busasshiyar kuɓewa, duk abin da hannu ya kai. Matan Kwoi citta suka ba mu, muka sayar muka sayo manja da gishiri. Ɗaliban kwalejin Gidan Waya, su da kansu ba su ƙoshi ba, suka haɗo garin rogo a ƙananan ledoji. Wani mai shagon siminti ya ce mu dawo gobe. Rifkatu ta sauke daro a ƙofar shagonsa, ta zauna dirshan ta fara rera waƙar jana'iza, wai tausayinsa ne ya mutu take yi masa rakiya. Kafin ta kai baiti na biyu buhun shinkafa ya fito.

Ni kuma na ba da abin da na fi ji da shi, manyan tukwanen da nake dafa burkutu. A lokacin duk unguwarmu ba wanda bai san burkutun Kande ba, ba na ɓoyewa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Muka wanke su tas muka dafa fate. Namu suka sha. Azuzuwan baya ko leƙowa ba su yi ba. Labari ya riga mu isa cewa tukunyar giya ce, wani bakin ya ƙara da cewa an taɓa dafa alade a ciki, wani ya ce guba muka zuba. Bayan haka wasu matan Musulmi na cikin gari suka kawo kunu, namu suka kifar da shi a kwata, wai an sa magani. Yara na kuka a gaba da baya, abinci na tsami a tsakiya.

A cikin matan baya akwai Dija, mai tallan nono, ƙawar Rifkatu tun suna 'yan mata. Shanun gidansu a gonarmu suke cin kara bayan girbi, su bar mana taki. Rifkatu ta je ta tsaya a ƙofar ajinsu hannu a ƙugu.

"Ke Dija, so kike 'ya'yanku su mutu saboda tukunyar Kande?"

"Ni dai ba na shan fate mai warin maye," in ji Dija. "Kawo sabuwar tukunya. Ki sha a gabana, ni kuma in sha a gaban mutanena."

Haka al'adar ta samo asali. Aka sayo sababbin tukwane, nawa aka mayar da su na dafa ruwan wanka, abin da har yau ban gama hucewa da shi ba. Tun da safe muna tankaɗe, muna gyaran yakuwa da gauta, hayaƙin ɗanyen itace yana cin idanunmu. In an samu nama, mahauci Musulmi ke yankawa. In abinci ya nuna sai a buga tsohon ƙarfen makaranta, kowa ya fito da kwanonsa, gaba da baya. Matan nan biyu su tsaya a bakin tukunya a tsakiyar fili, ludayi ɗaya a tsakaninsu. Rifkatu ta kurɓa ta miƙa, Dija ta kurɓa ta yatsine fuska.

"Gishiri ya yi yawa, matar manomi."

"Wadda ta girma da madara me ta sani a kan gishiri?"

Sai a ɗan jira, a ga ba wadda ta faɗi, sannan layi ya motsa. Gani ya kori ji. Ba wa'azin da ya sa uwa ta yarda ɗanta ya ci abincin wanda take tsoro, sai ganin matan nan biyu suna lasar ludayi ɗaya.

Ranar da abin ya faru, labari ya zo da safe cewa an shiga wani ƙauye ta wajen hanyar Gidan Waya. Na ga motar da ta ɗauko gawarwakin da idona. An lulluɓe su da zannuwa da ganye, amma ganye ba ya rufe komai. Ƙafar wata yarinya tana lilo a bayan motar, jini yana ɗiga a kwalta, kuma akwai wani dattijo da ba a iya gane fuskarsa ba sai da rigarsa. Gari ya ɗauki zafi. Kasuwa ta watse, masu acaɓa suka daina ɗaukar fasinja suka koma ɗaukar samari masu adduna.

Rifkatu ta je baya ta ce wa Dija yau ta zauna a aji, kada ta fito. Dija ta ce in ba ta sha ba babu uwar da za ta karɓi abincin, kuma tun jiya yaran ba su sa komai a baki ba. Suka yi ta cacar baki kamar yadda suka saba, Dija ta yi nasara. Fate ya nuna, aka buga ƙarfe, domin ba wanda ya taɓa tunanin a sauke tukunya a wurin nan ba a buga shi ba. Duk garin kuwa ya san ma'anar ƙarar nan. In ta tashi, akwai Bafulatana tsaye a tsakiyar fili, babu bango a bayanta.

Daga wurin binnewa samarin suka zo, jar ƙasar kabari a ƙafafunsu. Adduna, gora, ɗaya da galan na fetur. Na gaba na san shi. Ubansa na cikin waɗanda aka binne da safen nan, uwarsa kuma tare muke waƙa a zumunta. Ba zan faɗi sunansa ba, uwar tana raye. Rifkatu ta riga ta kurɓa, ludayin yana hannun Dija.

Ya ce wa Rifkatu, "Mama, ki matsa."

"In matsa zuwa ina? Kai ka ci abinci yau? Ajiye wannan abin ka ɗauko kwano."

Bai ko kalle ta ba. Ya kai wa Dija sara ta gefen kafaɗar Rifkatu. Dija ta ɗaga hannun dama ta kare kanta, ludayin ya rabe biyu, yatsunta suka zuba a toka. Ya sake ɗagawa, Rifkatu ta faɗa a kanta, addar ta sauka tsakanin wuya da kafaɗa. Na ji ƙarar, irin ta faskaren ɗanyen itace. Muciya ce a hannuna. Na kai masa a muƙamuƙi da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na ga haƙoransa sun fito tare da jini, kuma har gobe ba na nadamar wannan dukan. Na sa ƙafa na ture tukunyar, tafasasshen fate ya kwarara a ƙafafun na bayansa, suka yi ta ihu suna tsalle. Mai galan ya nufi azuzuwan baya. Matan gaba ne suka tare shi, namu, waɗanda su ma aka kashe wa maza. Suka zaro itatuwa masu wuta daga murhu, suka yi masa dukan da sai da ya yar da galan ya tsallake katanga. Suka jeru a ƙofofin azuzuwan Fulani har sojoji suka iso.

Rifkatu ba ta jira mota ba. Na tallabe kanta a cinyata, na danna zanena a wurin, jinin yana fitowa ta tsakanin yatsuna da ɗumi. Masu son labari mai daɗi suna cewa ta yi addu'a ta yafe. Ina wurin. Ta juya ido ta ga faten a ƙasa, ta ce, "Wace marar hankali ce ta zubar da abincin yara?" Maganarta ta ƙarshe ke nan.

Murhu ya mutu bayan haka. Ba mai zuwa, ba mai bayarwa, yaran firamare suka koma tsintar ɗanyen mangwaro. Ina zaman makoki sai ga Dija ta shigo gidana, hannu a naɗe, ta rame kamar kara. Ta ce, "Kande, tashi. Ciki bai san makoki ba." Na ce mata saboda ita yayata take cikin ƙasa. Ta ce, "Na sani. Tashi." Na tashi. Ran da muka sake tsayawa a bakin tukunya, hannunta na dama ba ya riƙe ludayi, ta ce kuma ba za ta sha abincin jama'a da hagu ba. Ni na kurɓa, na kai mata bakinta. Haka muke yi har yau.

Sau da yawa nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yanzu. Mun bar firamare, muna da namu fili da rumfar kwano, da injin niƙa da famfo, waɗannan kam za ta yi murna da su. Aikin ya zama ƙungiya, ta samu allo a bakin titi da matasa masu riguna iri ɗaya. Gudummawa ta waya take zuwa, ba a cika ɗaukar daro ba. Mai kawo katan ɗin taliya sai ya jera marayu an ɗauke shi hoto kafin ya saki katan ɗin. Wannan na san abin da za ta yi masa, wayar ce za ta fara shiga tukunya. Amma abin da zai fi ƙona mata rai shi ne layin bai gajarta ba. Kowace damina sai sababbin fuskoki sun zo, yau daga ƙauye, gobe daga ruga, da irin raunukan da muka saba gani. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, mun faɗa har bakinmu ya gaji.

Bara 'yan kwamiti suka kawo shawara a raba tukunya biyu, kowa ya dafa wa nasa, a daina tsayuwar nan a fili, wai don tsaro. Yara ne masu hankali, ban raina su ba, kuma ba wanda ya fi ni sanin abin da tsayuwar ta ci. Na ce musu ran da aka raba tukunya, ran nan kowace uwa za ta koma tambayar me aka zuba a ta wancan gefen, masu ba da hatsi kuma su fara tambayar bakin wa zai ci. Na ce su jira in mutu. Suka yi dariya suka bar maganar, ina jin lissafin shekaruna suka yi.

Yaron nan da ya sari yayata bai sake kwana a gari ba. An ce ya mutu a wani faɗan a daji, an ce yana kudu, ban bincika ba. Uwarsa kuwa ba miji, ba ɗa, ba rumbu. Wata rana na ɗaga kai daga tukunya sai na gan ta a layi, kanta a sunkuye, kwanonta a hannu. Hannuna ya tsaya cak. Ga tafasasshen fate a gabana, ga fuskarta, kuma Allah ya san abin da zuciyata ta raya mini. Dija ce ta zungure ni a gwiwar hannu da dungun nan nata, ta ce, "Zuba mata. Ki cika."

Fasto ya sha zama da ni a kan yafiya. Na gaya masa gaskiya, ban yafe ba, ban kuma san ko zan yafe kafin a kai ni kusa da yayata ba. Matar nan ba na gaishe ta a hanya, a zumunta ma na sauya benci. Halin Rifkatu na tsayawa tsakanin adda da mutum ban gaje shi ba, ni mai rama duka ce. Abin da ta bari a hannuna ƙarami ne, kuma shi nake riƙe da shi: duk wanda ya miƙo kwano a layin nan, ko uwar wa ce, a cike yake komawa.