Tabarau Mai Haɗa Hadari

A unguwarmu ta bakin kogi, babu matar da ke shanya turararriyar shinkafa da damina sai ta aiko an tambaye ni. Ni ke duba gabas in ce a shanya ko a dakata. Firamare ma ban ƙarasa ba, amma a sha'anin hadari farfesa ne ni, albashi ne dai babu.

Da na fara gani dishi-dishi, 'yata mai koyar da kimiyya a sakandare ta sa aka yanka mini tabarau. Na fito da shi da hantsi, na ɗaga kai, sai ga gabas ta yi baƙi ƙirin.

"A kwashe! Ga hadari nan!"

Mata suka yi ta guje-guje da buhu da tsintsiya. Ko ɗigo bai sauka ba. Washegari ma haka. Shinkafar mai ɗakina, da aka tura ɗaki da danshinta, ta fara warin fumfuna.

"Malam," in ji ta, "hadarin nan fa a kan hancinka yake zaune."

Na kira 'yar tawa a waya. Ta ce cikin gilashin akwai wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi, waɗanda ƙwayar gero tsauni ce a wajensu. Rana na taɓa su sai su yi duhu, a inuwa su washe.

"To wa ya aike su?"

"Baba, idonka suke karewa."

Zama ya gagare ni. In na cire, gajimare da hayaƙin masu bandar kifi duk ɗaya ne. In na saka, kullum tashin duniya. Ina ta sawa ina cirewa, ina zagaye gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai, har mata suka koma aikawa wajen wani bakanike da ke duba yanayi a waya. A waya!

Can na lura cewa daga inuwa gilashin ba ya rikiɗa. Na gwada zaure, yamma yake kallo. Ɗakina kuma kudu. Ƙofa ɗaya ce tak a gidan ke fuskantar gabas, ta madafa.

Nan nake zaman aiki yanzu, a kan kifaffen turmi, hayaƙi na cin idona. Masu tambaya sun dawo, sai dai kowace sai ta gama dariyarta tukuna. Mai ɗakina kuwa ta ce tunda na buɗe ofis a wajenta, in riƙa iza wuta.