Baba Sanda, Alƙalin Siliman Talladjé

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan na fito zan buɗe garejina, sai na ga an jera butoci a ƙofar gidan Baba Sanda, samari na sauke bencuna daga amalanke. Kujerarsa ta ƙarfe, wadda ba mai zama kanta sai shi, an kife ta jikin bango.

Ban tambayi kowa ba. Zakari mai shayi ne ya tsallako titi, ya kama hannuna ya ce, "Kala suuru, Mamman, sai haƙuri. Tsohonka ya tafi bayan asuba."

Ku yi haƙuri da rubutun, ban yi nisa a karatun lakkol ba.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Sanda tela ne, mutumin Tasawa. Ya zo Yamai yana saurayi, shekarun da aka karɓi ƴancin kai. Mu a kartiyen Talladjé, unguwarmu, Alƙalin Silima muke ce mishi. Duk Juma'a bayan la'asar muna kai mishi fim a fadarmu ta shan shayi, a kalla tare, ya yanke hukunci da goro. In fim ya yi, wanda ya kawo shi ya samu goro guda. In da dama-dama, ɓari. In shirme ne, sai ya fasa goron a gabanka ya cinye abinsa yana kallon ka.

Cikin watannin nan goron duk a bakinsa ya ƙare.

Wani fim na yaƙi da Zakari ya kawo, Baba ya ce, "Mutum ɗaya ya kashe gari guda, hularsa ko karkacewa ba ta yi ba. Zakari, kai ko buta ka ɗauka sai ka ƙone." Na soyayya kuwa, da suka hau dutse suna waƙa, cewa ya yi a nuna mishi wanda ya ɗauko gangunan har can sama, shi ne ya cancanci yarinyar. Ni na kawo wani na Hausa mai dogon zango, ana ta kiran mutum attajiri. Ya matso da fuskarsa kusa da gilashin talabijin ya ce, "Dubi wuyan rigar nan. Ta aro ce, ba a jikinsa aka auna ta ba."

Ɓari ɗaya na samu a bana, a kan fim ɗin wata uwa mai saida kifi. Ya ce matar ta san yadda ake riƙe wuƙa.

Shi ne yake ɗauke rigar aikina in na rataye ta, ya dawo da ita an liƙe gwiwar hannu. Ranar da inna ta rasu, ya zo ya zauna kusa da ni har magariba, abin da ya ce kawai shi ne in ci abinci.

Wata rana na tambaye shi, "Baba, mi ya haɗa tela da silima haka?"

Ya gyara zama a kujerarsa. Sannan ya ba ni labarin Hamidu, ƙanensa. Tare suka zo Yamai. Shi ya kama keken ɗinki, Hamidu ya bi masu kwalekwale da ke kawo kabewa daga wajen Tondibia. Bahago ne, da hagu yake riƙe gorar tuƙi, har Zabarmawan jirgin suna yi mishi ba'a. Wasu annasara suka zo da kamara suka ɗauki masu jirgi a bakin kogi. Bayan haka ruwa ya cika, jirgin ya kife, ba a ga gawar Hamidu ba. Ko hoto ɗaya bai bari ba.

A zamanin, kafin a sa babban fim a silima, ana fara nuna ɗan labarin ƙasa. Wani mahauci a kasuwar Petit Marché ya ce mishi, "Sanda, jiya mun ga ƙanenka a majigi, yana tuƙi." Ya bar ɗinki ya tafi. An riga an canza.

"Sai na ci gaba da zuwa, ko za su maimaita," in ji shi. "Na ga na kaboyi, na ga na Indiya, na ga na masu karate. Mutane suka ɗauka son fim ne. Ni farkon nake zuwa gani, sauran don na riga na shiga ne."

Lokacin da ya gaya mini wannan, idonsa ya fara tafiya. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiya ce, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Daga nan na shiga neman tsofaffin hotunan Yamai a portabul ɗina, wato wayar hannu. Duk abin da na samu mai kogi a ciki, ina ajiye mishi. Na samu masu wanki, na samu dorinar ruwa, na samu manya da baƙin tabarau suna yanka ƙyalle. Sai ya manna gilashin a idonsa na dama, wanda ya rage, ya daɗe, ya ce, "Ba shi ba ne, ɗana. Allah shi yi maka albarka." Kowane mako sai ya ƙara matso da shi kusa.

Damina ta wuce muna haka, sanyi ya wuce.

Juma'ar da ta gabata na samu wani, baƙi da fari, ba murya sai wani kiɗa da aka ɗora. Jirgi cike da kabewa, saurayi tsaye a baya. Na ga hannun da ya riƙe gorar, na miƙe na nufi gidan Baba. Ko kulle gareji ban yi ba.

Na iske shi a zaure, bai iya fitowa fada ba. Na ba shi portabul ɗin. Ya kai ido, ya juya, ya sake kai ido. Sai ya miƙo mini.

"Hayaƙi kawai nake gani. Kai ka kalla, ka faɗa mini."

Na ce jirgi ne da kabewa, mai tuƙi dogo ne, ba riga.

"Wane hannu ne a sama?"

"Hagu, Baba."

Ya ce, "Fuskar fa? Yana da wushirya, in ya yi dariya ba ta ɓuya."

Ɗiyarsa Hajiya Ramatu tana tsaye bakin ƙofa, tana yi mini alama da ido in ce e. Zakari ma, da ya biyo ni, ya taka mini ƙafa. Amma mai tuƙin bai juyo ba ko sau ɗaya. Bayansa kawai aka ɗauka, kafin ka haɗiye miyau kamara ta bar shi ta koma kan ruwa da rana tana faɗuwa, ta daɗe a can. Mutumin da yake gane rigar aro a fim, ba ni zan saida mishi fuskar aro ba.

Na ce, "Bai juyo ba, Baba. Bayansa ne kawai. Sauran duk ruwa ne."

Hajiya ta rufe baki da gyale ta juya.

Shi kuwa ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Mai ɗaukar nan bai iya aiki ba. Ya samu mutum, ya ɗauki ruwa."

Ya ce in mayar wurin jirgin in tsayar. Ya ce in kama yatsansa in ɗora daidai kafaɗar. Na ɗora. Ya bar shi nan har gilashin ya mutu, na kunna, ya sake mutuwa. Da aka kira magariba ya janye hannunsa ya ce, "Bahagwai suna da yawa a kogin nan. Amma bar shi a nan, kar ka goge."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Tun ɗazu ina jin ana cewa a wurin zaman makoki wai Baba ya ga ƙanensa kafin ya cika. Na san da kyakkyawar niyya ake faɗa. Amma bai gan shi ba. Ya jira tun yana saurayi har idonsa ya rufe, abin da ya samu bayan wani bahago ne, shi ma a bakina ya ji. Ko Hamidu ne ko ba shi ba ne, Allah ne ya sani.

Ya Allah, ka gafarta ma Baba Sanda, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa shi da Hamidu a inda ba mai juya ma wani baya. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta musu ƙulhuwallahu su biyun, don Hamidu ba shi da kabarin da za a je.

Jana'iza bayan azahar. Wanda yake shakkar abin da na faɗa ya zo ya tambayi Hajiya Ramatu da Zakari mai shayi, da Malam Yunusa ladan, wanda ya shigo ɗaukar buta ya tsaya bai fita ba. A gabansu aka yi.